Tsani Mai Hawa Biyar

A Garut, bayan shagon gyaran babura,
Kosasih ya kwantar da jitarsa kan benci
kamar mai shirin fiɗa.
Da awartaki ya zare ƙarafan wuyanta,
ashirin ba ɗaya,
ya zuba a gwangwanin madara.
Wuyan ya koma hanya marar alama.

Kakansa ya mallaki tagulla jere kan katako,
ta biki, ta girbi.
Shekarar da shinkafa ta ƙi
aka sayar wa wani otal a Bandung.
Sautin dai bai hau motar ba.
Ya maƙale a maƙogwaron Gwaggo Icih,
mai shekara tamanin da haƙori huɗu.

Ita ce ma'auninsa.
Tana tsinkar ganyen rogo tana rerawa:
da, mi, na, ti, la,
tana gangarowa a hankali
kamar mai sauka daga gonar kan dutse da kaya.
Shi yana zame yatsa bisa tsirkiya.
"Nan?"
"Gaba kaɗan."
"Nan?"
"Ka zarce. Kunnen nan naka salansa ta cinye shi."
Inda ta daina faɗa, nan ya ja fensir.
Nan zarto ya ci.

Tsani ne mai hawa biyar, ba a yi shi da awo ba:
taku biyu na mai sanɗa,
sauran sai an buɗe ƙafa.

Kwana uku ruwa na dukan rufi
yana hawa yana sauka.
Ran na huɗu jita ta nemi halinta:
a danne uku, a kaɗa su tare.
Littafin nan mai zanen yatsu da ya saya a tasha
ya zama abin tokare ƙafar benci.

Ya haɗa Da da Mi, suka ciji juna,
maƙwabta masu bango ɗaya.
Ya haɗa Da da Ti, suka zauna lafiya,
lafiyar ɗakin da aka kwashe wa kaya.
Sai ya miƙa ƙaramin yatsa har ya yi ƙas,
ya shigar da La a ƙarƙashi.
Abin ya tashi yana kyarma,
ba kuka ba, ba guɗa ba,
yana zuwa yana komawa
kamar inuwar fitila cikin ruwan fadama.

Dudung, mai kiɗan bukukuwa, ya leƙo da wayarsa.
Allurar da ke ciki ta karkata, ta yi ja.
"Jitarka ba ta da lafiya."
Kosasih ya kife wayar,
ya miƙa masa sigarin kanumfari.

Gwaggo ta ce, ba ta ɗago ba:
"A gidanmu ba sa magana lokaci guda.
Wannan ya faɗi tasa ya ja baya, wancan ya amsa.
Kai ka tara su ɗaki ɗaya ka ja ƙofa."
"To yaya kika ji?"
Ganye ya ƙare a kwando,
hannunta bai daina tsinka ba.

"Sake na ƙarshen nan."

Ya sake.

"Babbar tagullar, in an doke ta,
bayan kowa ya ɗauka ta gama,
haka take yi a ƙirji.
Kakanka kan ɗora tafina a jikinta
ya ce kada in yi numfashi."

Jita, jituwa. Ta ji ta.

Ladan ya kira magariba daga ƙetaren kwalbati.
Wani na ta danna hon a waje, babur ɗinsa na zubar da mai.
Kosasih ya juya bayan rasit,
ya zana layi shida, ɗigo uku.
Ya nemi sunan da zai ba shi, babu a littafi.
Ya rubuta: na Gwaggo,
ya shafa baƙin mai a kai ba da niyya ba,
ya fita da sifana.